Doyar Minna da ta tsayar da jirgin Ikko

Ni da ko jaki ban taɓa iya tsayarwa ba, a 2013 na tsayar da jirgin ƙasa sukutum da taragansa a tsakiyar daji, cikin dare, kuma ina barci.

Lokacin jirgin Kano zuwa Ikko bai daɗe da dawowa ba. A Disambar 2012 aka sake buɗe layin bayan shekaru yana kwance, sai kowa ya ɗauki ɗokin shiga. Tafiyar kilomita 1,126 ce a kan tsohon dogon nan siriri da Turawa suka shimfiɗa, wanda ya iso Kano tun 1911. A lokacin ana cin awa talatin da wani abu idan Allah ya taimaka, idan kuma jirgi ya ga dama ya ƙara maka yini guda kyauta. Gwaggona da ke Agege ta aurar da 'yarta, aka ce ni zan wakilci gida. Na ce mota ta ishe ni, jirgi zan hau, ai gado ne. Kakana ya yi lodin buhunan gyaɗa a tashar Kano zamanin dalar gyaɗa, saboda haka a ganina babu abin da ya shige mini duhu a harkar reluwe. Tun kafin mu wuce Challawa na sanar da duk wanda ke kusa da kujerata wannan tarihi: wata Hajiya mai kular abinci uku, wani ɗalibi mai komawa Ilori, da wani dattijo mai kai albasa wanda bai ce mini uffan ba.

Ma'aikacin da na fara haɗuwa da shi mai duba tikiti ne. Yana da ɗan ƙarfe kamar almakashi, ya karɓi tikitinka, ya duba tashar da za ka sauka da ajin taragonka, ya huda gefe ya miƙo maka. Bayan kowace babbar tasha sai ya sake zagayowa, domin a nan ne sababbin fasinjoji ke shiga, a nan ne kuma wanda ya yanki tikitin Zariya yake mantawa da gangan har ya tsinci kansa a Kaduna. Mutumin nan bai taɓa tambayar mutum sau biyu inda zai sauka ba. Ya kalli fuskarka sau ɗaya, shi ke nan. A Zariya na ga ya je ya tashi wata tsohuwa mai gyangyaɗi, ya ce "Iya, tasharki ce," ya sauke mata ƙullinta har ƙasa.

A Kaduna aka yi doguwar tsayawa. Sai ga wani da doguwar guduma yana bin jirgin ƙafa bayan ƙafa, yana ƙwanƙwasa kowace, ya ɗan saurara, ya ɗora bayan hannunsa a jikin wani akwatin ƙarfe, ya wuce. Hajiya ta tambayi me yake yi. Na gyara zama na ce ai masu maƙalewa a ƙarƙashin jirgi yake kora, kakana ya sha ba mu labari.

"Ba haka ba ne, Malam."

Na waiwaya. Wani dattijo ne gajere, da hular aiki, usur rataye a wuya, tutoci biyu naɗe a hammata, kore da ja. Shi ne gadin jirgi. Ba mai gadin ƙofa ba, a'a, mai jirgin ke nan a kan hanya: direba na da kan jirgi, shi kuwa duk abin da ke bayan kai, mutum da kaya, a wuyansa yake, kuma jirgi ba ya barin tasha sai ya busa usur ya ɗaga koriyar tuta. Banufe ne, Hausarsa irin ta 'yan reluwe, wadda ta kwana a kowace tasha. Ya ce mai gudumar sauraron ƙafafun yake yi. Lafiyayyar ƙafa in an buge ta amo take yi kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ta amsa kamar fasasshiyar tukunya. Akwatin da yake taɓawa nan ne kan sandar ƙafa ke juyawa cikin maiƙo. In maiƙon ya ƙafe wurin zai yi zafi, in aka ƙyale shi ya kama hayaƙi, daga nan sai abin da Allah ya yi. Da bayan hannu ake taɓawa domin ya fi tafi jin zafi, kuma ya fi saurin janyewa.

Na ce, "Haka ne Baba, abin da nake shirin faɗa ke nan." Ya dube ni, ya ce, "Jikan reluwe," ya wuce. Ashe ya ji tarihin nawa tun daga Kano.

Akwai kuma mai shayi, wanda ya cancanci lambar yabo. Daga taragon abinci yake fitowa da faranti a hannu ɗaya, buta a ɗaya, ƙafafu a ware kamar mai shirin kokawa. Ba ya cika kofi, kashi uku cikin huɗu yake zubawa, kuma ba ya tsiyayawa sai ya ji ƙafar jirgi ta wuce mahaɗar dogo, a tsakanin wannan kas-kas ɗin da na gaba. Na zuba masa ido tun daga Kano, ko ɗigo bai zubar ba. Ku riƙe wannan.

Dare ya yi nisa muka shiga Minna. Ƙasar doya ce, ga Gwarawa mata sun jera ta a gefen dogo da fitilu. Zuciyata ta ce ba a zuwa biki hannu rabbana. Na sauka, na yi ciniki kamar zan sayi gida, har sai da usur ɗin Baba ya tashi sannan na damƙi manyan kawuna biyar na cusa a jaka mai igiya, na haye da gudu.

Matsalar ita ce wurin ajiya. Ragar kaya ta sama ta cika maƙil, ƙarƙashin kujera kulolin Hajiya ne, tsakar hanya buhunan albasa. Na fita lungun da ke bakin ƙofar tarago, inda fitilar ba ta da ƙarfi, sai na hango wani jan hannu na ƙarfe a jikin bango, daidai tsayin kafaɗa. Akwai 'yar siririyar waya ɗaure da shi da ɗan dunƙulen dalma, ga kuma wani rubutu a gefe da ban tsaya karantawa ba. Na ce kai, Turawa da dabara suke, har maratayi sun yi wa fasinja. Na rataya doyata, na ɗan girgiza ta na ga ta zauna, na koma kujera na miƙe ƙafa.

Wayar nan ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Ta yi kusan awa guda tana riƙe da doya biyar jirgi na lilo da su.

Abin da ya tashe ni shi ne goshina da ya gaisa da bayan kujerar gaba. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ta cika duniya, ga wani huci mai ƙarfi daga bakin ƙofa kamar an taka macijin da ya kai girman rimi. Albasa ta watse tana gangarawa har ƙarshen tarago. Kular Hajiya ta miyar kuka ta buɗe a kan takalman ɗalibi. Salati ya tashi ta ko'ina, wani yana cewa gada ce ta karye, wani yana cewa shanu muka bi ta kai. Mai shayi kuwa, wanda ya shigo da kofi shida a faranti, na gan shi zaune daɓas a ƙasa, shayin duk a gaban rigarsa, yana kallon farantin kamar ɗansa ne ya rasu. Daga baya ya rantse mini rabonsa da zubar da shayi tun yana sabon ɗauka.

Jirgi ya tsaya cik. Duhu ƙirin, sai kukan gyare.

A nan ne na ga aiki. Babu wanda ya yi gudu a cikin ma'aikatan. Mai duba tikiti ya tsaya a ƙofa ya hana kowa sauka, domin a daji babu dandamali, tsakanin matakala da ƙasa akwai nisa, ga tsakuwa mai gangara. Ya bi kujera kujera yana tambayar wanda ya ji ciwo. Baba ya yi magana da direba, ya tura wani baya da jar fitila, shi kuma ya fara bin taragai ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, hucin nan yake nema. Ni kuma na miƙe tsaye a tsakiyar jama'a ina bayani. Na ce wannan aikin wani jahili ne da bai san jirgi ba, kuma in aka kama shi kada a tausaya masa, a miƙa shi ga 'yan sanda a Zungeru. Hajiya ta ce ƙwarai. Na ƙara da cewa a zamanin kakana bulala ake yi wa irinsu.

Sai hucin ya ɗauke. Can Baba ya leƙo, ya ce a hankali, "Jikan reluwe, zo ka riƙe mini fitila."

Na tafi ina taƙama, an san gwani. Da na isa lungun, sai ga jakata a ƙasa, doya ɗaya ta rabe biyu, Baba yana riƙe da guntuwar wayar da dalmarta a tafin hannu. Ya haska rubutun da ke bango. Ko da ƙaramin Turancina na gane cewa birkin gaggawa ne, kuma akwai tara ga wanda ya ja shi ba dalili.

Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi bulalar zafi ke nan. Ya ce bututu guda ne ya taso daga kan jirgi har tarago na ƙarshe, tsakanin kowane tarago da na bayansa an haɗa shi da mesar roba. Matsin iskar da direba ke riƙewa a cikin bututun shi ne yake sa birki ya zauna a sake. Da zarar an buɗe bututun a ko'ina, matsin ya lalace, birkin kowane tarago ya damƙi ƙafafunsa lokaci guda. An yi shi haka ne da gangan, domin in tarago ya tsinke daga jirgi mesar za ta rabu, gaba da baya duk su tsaya da kansu. Jan hannun nan ƙofar bututun ce. Wayar da dalmar kuwa shaida ce kawai, don a san an taɓa. "An yi ta ne yadda ko yaro zai iya tsinka ta," in ji shi, "ballantana doya."

Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri."

Ya ce, "Riƙe fitilar dai."

Haka na bi shi a ƙasa, cikin raɓa, ina haska masa. Rufe hannun ba ya wadatarwa. Sai direba ya sake tara matsin har allurar agogonsa ta koma inda take, a gwada birki a kama a saki, Baba ya tabbatar sakin ya kai har tarago na ƙarshe. Sannan a duba kowane takalmin birki ya rabu da ƙafa, domin wanda ya maƙale zai yi ta gugar ƙafar har ta yi ja. A kuma duba ko wata ƙafa ta ja a kan dogo ba ta juya ba, saboda hakan na cinye mata gefe guda, ta riƙa buga dogo tana lalata shi. Muka yi wajen minti arba'in. Ya kuma gaya mini, kamar labarin wani yake bayarwa, cewa layin ɗaya ne tal, jirage ba sa wuce juna sai a tasha, kuma shugaban tasha ba ya sakin jirgi sai wanda ke kan hanya ya iso. Wato a daidai lokacin akwai jirgin kaya a Zungeru, garin da ya taɓa zama hedikwatar Arewa gaba ɗaya kafin Kaduna, yana tsaye da direbansa yana jiran doyata.

Ya ɗaga koriyar fitila, ya busa usur, direba ya amsa, muka tashi. A littafinsa ya rubuta lokaci, wuri da lambar tarago, a wajen dalili ya sa cewa kayan fasinja ne suka ja hannun, ba da niyya ba. Gaskiya ce tsagwaronta. Jakar kuwa ya kai ta taragonsa na baya, ya ce can ne wurin kaya masu nauyi, da na tambaya tun a Minna da an karɓa.

Na koma kujera. Hajiya ta ce, "An kama shi?" Na ce bincike ya nuna matsalar iska ce. Dattijo mai albasa, wanda tun Kano bai buɗe baki ba, yana tsintar albasarsa ɗaya ɗaya, ya ce, "Iska mai kai biyar."

Da gari ya waye muka haye gadar Jebba, Kwara na sheƙi a ƙasa, masu soyayyen kifi suna miƙo faranti ta taga. Ban sayi komai ba. Mai shayi ya zo da wata rigar, ya zuba wa kowa kashi uku cikin huɗu, ni ya zuba mini rabi. Daga Offa zuwa Ibadan duk yaron da ya gifta sai ya leƙo ya ga Alhaji mai birki.

A Agege Baba da kansa ya miƙo mini jakar ta ƙofar taragonsa, ya haɗa mini da guntuwar wayar nan, ya ce in kai wa kakana tsaraba. Na ce ya rasu. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya huta."

Gwaggo ta buɗe jakar a tsakar gida, ta juya doyar, ta dube ni. "Tun daga ina ka ɗauko wannan?" Na ce Minna. Ta kira wata yarinya ta ce ta gaya mini nawa ake sayar da irinta a bakin layinsu.