Furanni ba sa warkar da sojan kundumbala

Ranar 15 ga Janairun kowace shekara, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, manya sukan fito a Katsina kamar yadda ake yi a sauran manyan biranen jihohi, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a jinjina wa 'yan mazan jiya, sannan kowa ya shiga motarsa. Ba ni da ja da girmama waɗanda suka kwanta dama. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da na ji a majalisarmu da yammacin ranar bikin bana, daga bakin mutumin da ya yi boko ya kuma yi na addini, wai duk sojan da ya dawo daga daji ya kasa barci, ko dai imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa ƙwaya yake sha. Mutane da dama suka gyaɗa kai. Wannan gurguwar fahimta ta yi mana katutu, kuma ita ce take hana a nema wa bayin Allahn nan magani tun ciwon bai ci ƙarfinsu ba.

Sojojin kundumbala su ne ake turawa inda sauran dakaru ba sa iya kutsawa, daga Sambisa da tsibiran Tafkin Chadi har zuwa dajin Rugu da ke nan bayan gidanmu. An kira aikin soja na arewa maso gabas Lafiya Dole a 2015, aka mai da shi Haɗin Kai a 2021, a nan arewa maso yamma kuma Hadarin Daji ya koma Fansan Yamma a 2024. Sunaye suna ta sauyawa, amma zaratan da aka horar a irin su makarantar kundumbala ta Buni Yadi su ne dai ake ta juyawa daga wannan fage zuwa wancan. Shekarun ɗaukar kaya masu nauyi a ƙafa suna cinye gwiwa da gadon baya, ƙarar makamai tana kashe ji, girgizar bam ɗin da aka binne a hanya kuma tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko da mutum bai zubar da ɗigon jini ba. Likitocin Amurka da suka bibiyi irin waɗannan dakaru nasu bayan Iraƙi da Afganistan sun ga ciwon kai da mantuwa da rashin barci da saurin fushi suna haɗuwa a jikin mutum guda, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Akwai irin wannan mutum a unguwarmu, ba zan kama sunansa ba. Tun da ya ajiye kaki, idan ya zo majalisa ba ya zama sai ya jingina da bango yana fuskantar hanya. Ranar wata Sallah yara suka fasa abin wasan nan mai ƙara a bakin lungu, kafin mu ankara ya kwanta rub da ciki a bayan benci, da ya tashi kuma kunya ta hana shi kallon kowa, ya karkaɗe rigarsa ya shige gida, sai da ya yi kwana uku bai fito ba. Maiɗakinsa ta shaida wa iyalina cewa rabonsa da barcin kirki tun kafin ya bar aiki, cikin dare sai ya tashi ya riƙa zagaya tsakar gida yana duba ƙofa. Mutumin nan jam'i ba ya wuce shi, kuma da Asuba a sahun gaba za ka same shi.

Shi ke nan sai a ce wannan raunin imani gare shi? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ba mu taɓa ce wa mai ciwon suga ya bar asibiti ya ƙara tawakkali ba, to don me za mu faɗa wa wanda ya ɗauko gawar abokinsa a kafaɗa? Addu'a da magani tare suke tafiya. Batun ƙwaya kuwa, masu faɗarsa sun ɗauko zancen ne daga wutsiya. Sau da yawa tiramadol ɗin da ake zagin mutum a kansa, ciwon baya ne da rashin barci suka fara kai shi gare shi, a lokacin da babu wanda ya tsaya ya tambaye shi abin da ke damunsa. Mafi muni shi ne zancen nan na cewa namiji ba ya kuka. A barikin an koya masa cewa koke rauni ne, a gida mun ƙara masa da cewa abin kunya ne, sai ya haɗiye, daga baya abin ya fashe a kan matarsa da 'ya'yansa, mu kuma mu taru mu ce ai dama soja ba shi da tausayi. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun amince da ciwon firgicin bayan yaƙi a matsayin cuta mai suna tun 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Mu kuwa dokar mahaukata ta 1958 muka riƙe har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Wasu za su ce ai ana ƙoƙari, tunda an aza harsashin cibiyar kula da masu wannan ciwo a Abuja, Nijeriya ta shiga wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni a 2023, har Yarima Harry na Birtaniya, wanda ya kafa wasannin, ya ziyarci sojojin da suka ji rauni a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna a watan Mayun 2024. Madalla, amma mutumin da ke Batsari ko Mai'aduwa, wanda fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata, da me zai riƙa zuwa Abuja ganin likita? Masu ganin koyar da sana'a a cibiyar Oshodi ta Legas, inda ake shirya sojoji masu barin aiki, ya wadatar kuma sun manta cewa wanda bai runtsa ba ba zai iya tsaron shago ba. Ƙasar da tsofaffin sojojinta suka sha tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja don neman haƙƙinsu ba ta da bakin cewa ta sauke nauyin da ke kanta.

Kulawar dole ta matso kusa da gida, kuma ta fara tun mutum yana sanye da kaki. Duk wanda ya dawo daga fagen fama a duba kunnensa da gaɓoɓinsa da barcinsa da tunaninsa, a yi wa kowa da kowa don kada a nuna wani da yatsa, kuma takardun su bi shi har bayan ritaya. Muna da asibitin sojojin sama a Daura tun 2019, muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ga barikin Natsinta. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, saboda haka jiran su kaɗai ɓata lokaci ne. A horar da ma'aikatan jinya da tsofaffin sojojin kansu, domin soja ya fi sakin jiki da wanda ya san warin daji. A sa matansu cikin shirin, tunda su ne ke kwana da ciwon. Limamanmu kuma su hau mumbari su faɗa wa jama'a ƙarara cewa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne. Gwamnatin jiha ba ta da hujjar cewa sha'anin soja na tarayya ne, domin da zarar mutum ya ajiye kaki ya dawo Ƙofar Ƙaura ko Sabon Garin Daura, ɗan jiha ne kamar kowa, kuma a asibitocinta zai kwanta idan abin ya yi tsanani.