Abin da Ya Kamata a Koya wa Sabon Malami Kafin Ya Ɗaga Murya

Da wuya sabon malami ya yi kwana biyu a makaranta ba a ja shi gefe an ba shi tsohuwar shawarar nan ba, wato ya ɗaure fuska, kada ya bari yara su ga haƙoransa, sannan ya zaɓi ɗaya daga cikin masu taurin kai ya hukunta shi a gaban sauran domin kowa ya shiga taitayinsa. Ni ma an ba ni ita a shekarata ta farko, na kuma yi aiki da ita da zuciya ɗaya. A yau ina ganin tana cikin abubuwan da suka fi cutar da masu shigowa wannan aiki, domin tana sa su zuba dukkan ƙarfinsu a kan hukunci, alhali mafi yawan abin da ke daidaita aji ana yin sa ne tun kafin wani ya yi laifi.

Ina tuna wata safiya a makonnina na farko. Bayan an kaɗa ƙararrawa na shiga aji, na juya baya na kama rubuta dogon bayani a allo, ba tare da na ba ɗalibai wani abin yi ba. Kafin in kai layi na huɗu ƙus-ƙus ya fara daga kujerun baya, wani ya tashi neman aron biro, wani kuma ya ja masa riga, aka fashe da dariya. Da na juyo sai na daka tsawa ga yaron da idona ya fara sauka a kansa, na kore shi waje. Sai da aka tashi na gane cewa shi ne aka tsokana. Bai ce mini komai ba, amma ajin gaba ɗaya ya fahimci cewa malaminsu ba ya ganin abin da ke faruwa, kuma na shafe makonni kafin in kankare wannan fahimta daga zukatansu.

Daga baya na karanta binciken wani masanin ilimi ɗan Amurka, Jacob Kounin, wanda ya wallafa a shekarar 1970 bayan ya ɗauki hoton bidiyo na azuzuwa masu yawa ya nazarce su. Ya fara da tunanin cewa salon tsawatarwa ne ke bambanta malamin da ya iya riƙe aji da wanda bai iya ba, sai ya tarar bambancin yana wani wuri dabam. Malaman da ajinsu ke da natsuwa suna nuna wa yara cewa sun san abin da ake yi a kowane lungu, suna tsayar da ƙaramar fitina tun ba ta yaɗu ba, ba sa kama marar laifi a madadin mai laifi, kuma darasinsu yana tafiya ba tare da yankewa ba. Da na karanta haka sai safiyar nan ta dawo mini, domin na makara wajen tsawatarwa, na kuma tsawata wa wanda bai kamata ba.

Abin da nake so sabon malami ya sa wa ido shi ne gibin da ke tsakanin aiki da aiki, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lokacin shigowa aji, lokacin kiran suna, lokacin raba takardu da karɓar littattafan rubutu, da lokacin da wasu suka gama aiki wasu ba su gama ba, a nan ne hayaniya ke samun kafa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar tsarin da aka koyar da shi kamar yadda ake koyar da lissafi, a bayyana, a gwada, a maimaita. Idan malami ya ce a miƙo littattafai bai faɗi yadda za a miƙo ba, yara da dama za su taso gabansa a lokaci guda. Idan kuwa ya koya musu tun ranar farko cewa kowane layi zai turo nasa daga baya zuwa gaba, na gaba ya tara ya ajiye a kan tebur, to cikin minti ɗaya an gama, ba wanda ya bar kujerarsa. Haka nan idan ɗalibi ya shigo ya tarar da tambayoyi biyu a allo suna jiransa, ya kuma saba cewa kullum haka ne, zai buɗe littafinsa kafin ya sami damar juyawa ga abokinsa. Wasu sababbin malamai suna ganin ɓata lokaci ne a kashe makon farko a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ga manhaja tana jira, amma wanda ya ƙi kashe wannan mako zai riƙa asarar mintuna a kowane darasi har ƙarshen shekara.

Yadda ake yin tambaya ma yana cikin riƙon aji. Mary Budd Rowe, wadda ta yi nazarin koyar da kimiyya a farkon shekarun 1970, ta gano cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara sa baki. Na ƙara da abin da na gani da idona: idan ka ambaci sunan ɗalibi kafin ka yi tambaya, sauran sun huta, sai su koma hirarsu. Ka yi tambayar tukuna, ka yi shiru kana duban fuskoki, sannan ka kira suna.

Ba ina cewa a bar tsawatarwa ba ne, kuma na san akwai ajin da ya cika maƙil har malami ba ya iya ratsawa tsakanin kujeru, akwai kuma yaron da damuwarsa daga gida ta biyo shi. Doka dole ce, sai dai ta zama kaɗan, kowa ya san ta, kuma ta hau kan kowa a ranar da malami ke cikin nishaɗi da ranar da ransa ke ɓace. Yawancin ƙananan laifuffuka ba sa buƙatar fiye da kallo, ko malami ya matsa ya tsaya kusa da mai surutu yana ci gaba da bayaninsa. Wanda ya wuce haka a kira shi gefe bayan darasi, domin yaron da aka kunyata a gaban abokansa yakan zaɓi kare mutuncinsa ko da zai sha hukunci, kuma daga nan rigimar ta zama ta ajin duka.

Ina roƙon shugabannin makarantu da tsofaffin malamai su daina jefa sabon malami aji su rufe ƙofa su tafi. A ba shi dama ya zauna a bayan ajin ƙwararren malami sau biyu ko uku a watansa na farko, a kuma gaya masa abin da zai kalla: inda malamin ke tsayawa idan yana rubutu a allo, abin da yara ke yi a minti biyar na farko, da yadda ake tashi daga karatu a shiga rubutu ba tare da an ji motsin kujera ba.