Ranar da inshora ta ce tsohuwar Fijo ta zama kwandam

Masu riƙe da tsofaffin motoci don sha'awa, irin su Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kakuri ta Kaduna tun daga 1975, ko Marsandi 230E ta ƙirar W123, ko tsohuwar Land Cruiser, akwai abin da ya kamata mu fahimta tun kafin tsautsayi ya auku. In kamfanin inshora ya ce motarka ta zama kwandam, ba yana nufin ba za ta gyaru ba ne. Lissafi ne kawai aka yi. An ɗora kuɗin gyara a kan darajar motar, aka ga ya kai kaso mafi yawa, sai kamfani ya ga gara ya biya ka ya ɗauki gawar. Kowane kamfani da iyakarsa, amma galibi in gyara ya doshi kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na darajar mota, magana ta ƙare. To wa ya yanke wannan darajar? A nan rigimar take, kuma a ganina a nan ne mai tsohuwar mota yake cutar kansa da hannunsa.

Mu ɗauki misali da ƙirƙirarrun lambobi don a ga yadda abin ke tafiya. A ce kana da 504 ta 1984, injinta na asali, kujerunta na asali, an sake mata fenti mai kyau, wadda masu so za su iya saye a naira miliyan 6. Tun 1 ga Janairun 2023, NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ce kuɗin cikakkiyar inshorar mota kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar da aka rubuta. Wato naira 300,000 a shekara. Sai mai mota ya ga abin da yawa, ya ce a rubuta miliyan 2, ya biya 100,000, ya tafi yana murna ya yi dabara. Wata rana mai a-kori-kura ya yanko masa, gaban mota ya lotse: lagireto, fanka, bonet, bamba, fitilu biyu, madigadi ɗaya. Gyara ya tashi a miliyan 1.5. Da an rubuta miliyan 6, wannan rubu'in daraja ne, gyara za a yi ba gardama. Amma a kan miliyan 2, ya kai kashi 75. Kwandam ke nan. Za a ba shi abin da bai wuce miliyan 2 ba, a cire kason da yarjejeniya ta ce shi zai ɗauka a kowace asara, a kuma tafi da motar da ta fi haka sau uku.

In ya ce a'a, ai motata ta kai miliyan 6, sai ya faɗa wani ramin. A takardun inshora da yawa akwai sharaɗin da ya ce wanda ya rage darajar kayansa shi ma abokin ɗaukar asara ne. Ka biya kuɗin sulusin daraja, to sulusin gyara za a biya maka: naira 500,000 daga cikin miliyan 1.5. Araha dai ba ta ado.

Wani kuma zai ce to bari in rubuta miliyan 6 in huta. Nan ma bai tsira ba. Takardar inshorar mota ta gama-gari tana cewa za a biya darajar kasuwa a ranar haɗari, ko adadin da aka rubuta, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Jami'in da za a turo ya kimanta asarar ya saba da Corolla da Camry, waɗanda kowace shekara farashinsu yake da ma'auni. In ya tsaya gaban motar shekara arba'in, abin da idonsa zai gani shi ne tsohuwar tasi, ya kwatanta ta da ragowar 504 da ke jigilar itace da gawayi. Ka biya kuɗin miliyan 6, a yi maka tayin miliyan ɗaya da rabi.

Maganin wannan guda ɗaya ne, shi ne yarjejeniyar daraja tun ranar sayen inshora: kai da kamfani ku amince a rubuce cewa in motar nan ta salwanta, adadi kaza za a biya, ba tare da komawa farashin kasuwa ba. A Ingila haka masu tsofaffin motoci suke yi, har ƙungiyoyin masu irin motar ke tabbatar da kimantawa. A Najeriya ba kowane kamfani ne zai yarda ba, wasu ma ba sa son ba da cikakkiyar inshora ga motar da ta tsufa sosai, don haka sai an bi ta hannun dillalin inshora mai rajista. Abin da za a nema bai wuce hotunan motar ta kusurwa huɗu, da cikinta, da ɗakin injin, da but, da ƙarƙashinta a kan rami, da lambar shasi da ta injin a bayyane, da rasitan gyara, da rahoton injiniya mai zaman kansa ba. Sannan a tabbatar an buga sharaɗin a jikin takardar, domin alƙawarin baki na wakili ba ya biyan diyya. Da yadda naira ke zamewa, darajar da aka amince da ita shekara biyu baya ba ta isa ta sayo irin motar yau, saboda haka duk sabuntawa a sake duba adadin. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gargajiya ba, kamfanonin takaful ma suna yi wa mota inshora, kuma wannan lissafin na daraja da gyara bai canza ba a wurinsu.

Yanzu ga haɗari ya faru. Kuskuren farko, kuma mafi tsada, shi ne a tayar da injin don a kai mota gida alhali lagireto ya fashe. Injin 504 kansa na alminiyam ne a kan bulo na ƙarfe. 'Yan kilomitoci ba ruwa sun isa kan ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Takardar inshora kuwa ta ce duk ɓarnar da ta ƙaru saboda an tuƙa mota kafin gyara, a wuyan mai ita take. A janyo ta, ko a ɗora a kan mota. A ɗauki hotuna tun ba a motsa komai ba, a karɓi rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani a rubuce nan take, kada kuma a bari mai bugun bodi ya taɓa ta kafin jami'in kimantawa ya gani. Inda za a ajiye ta ma magana ce babba. Tsohuwar mota in ta yi mako biyu a buɗaɗɗen fili, tambarin zaki, da madubai, da ƙarafan ado masu sheƙi, da kafireto, duk sai su yi ƙafa, kuma su ne kayan da suka fi wuyar samu. In da hali, gida ko garejin da ka amince da shi.

Abin da ya kamata ya raba gyara da kwandam na gaskiya shi ne ƙashin motar. 504 da W123 ba su da shasi daban, bodin shi ne shasin. Land Cruiser ta da kuwa bodinta a ɗaure yake kan firam, ana iya ɗage shi a miƙe firam ɗin ko a sauya. A kan irin su 504, ana duba ƙafafun gaba biyu da ke ɗauke da injin, da mazaunin shokozoba na sama, da bangon da ya raba injin da direba. A auna nisan tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a dama da hagu. A auna ƙarƙashi a gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa, a kwatanta biyun. A buɗe ƙofofi huɗu a rufe, a kalli tazarar da ke tsakaninsu da bodi. In rufin ya yi ɗan lotso a saitin ginshiƙin tsakiya, ko gilashin gaba ya tsage ba tare da wani abu ya doke shi ba, bugun ya wuce gaba ya shiga jiki. A 504 kuma akwai bututun da ya haɗa giyabos da difarenshal, wanda ke iya kai ƙarfin bugu daga wani ɓangare zuwa wani, don haka ko gaba aka daka a leƙa baya.

In duk waɗannan sun fita lafiya, to abin da ya lalace fata ce kawai. Kuma nan tsohuwar mota ta fi sabuwa sauƙin sha'ani: ba balan-balan na kariya da za a sauya, ba na'urori a cikin bamba, ƙarfenta kuma mai laushi ne da ke karɓar ja da bugu. Wadda ta yi rayuwarta a Arewa ma sau da yawa ba ta da tsatsar da ke cin motocin bakin teku. Abin da ke kumbura kuɗin gyara a takardar kamfani shi ne an yi lissafi da sababbin kaya da za a yo oda daga Turai, alhali bonet da madigadin 504 na hannu masu kyau ana iya dace da su a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Kawo naka ƙiyasin daga gareji biyu, kowane kaya da farashinsa da kuɗin aikinsa daban. In ka sauko da kuɗin gyara ka kuma tabbatar da daraja da tallace-tallacen motoci irin taka, shekara ɗaya, yanayi ɗaya, lissafin kwandam ya rushe ta ɓangare biyu.

Ka shirya wa wasu ragi biyu. Na farko, in aka samu tsatsa ko tsohon cikon bodi a wurin da ya lotse, za a ce wannan ba haɗari ne ya jawo ba. Mayen ƙarfe ke tona asirin ciko, inda bai kama ba akwai magana. Na biyu, in an sa maka sabon abu a madadin tsoho, kamar taya ko batir ko lagireto, za a ce motarka ta fi yadda take a da, ka cika wani kaso. Wannan yana cikin ƙa'ida, gardama a kan yawansa kawai ake yi.

To in an duba duka an ga dai kwandam ce? A nan ne nake ganin tsarinmu bai yi wa tsofaffin motoci adalci ba. A Ingila, tun Oktoban 2017, motar da aka yanke wa wannan hukunci tana shiga ɗaya daga aji huɗu: A a niƙe ta gaba ɗaya, B a cire kaya a niƙe bodin, S ƙashinta ya taɓu amma tana gyaruwa, N ƙashinta lafiya, kuɗi ne kawai ya yi yawa. Ƙa'idar tasu ma ta yarda cewa motar tarihi ana iya gyara ta komai girman ɓarnar muddin za ta dawo lafiya. A wurinmu kalma ɗaya ce ke haɗa motar da ta ƙone ƙurmus da wadda fitilunta kawai suka yi tsada. Da zarar ka sa hannu a takardar sallama ka karɓi cikakken kuɗi, gawar ta zama ta kamfani, za ta tafi gwanjo, daga can 'yan gwangwan su sassare ta. Injin da giyabos da gilasai, waɗanda su kaɗai na iya fin kuɗin da aka sayar da ita, sai ka gan su a kasuwa.

Saboda haka kafin sa hannu, a nemi ɗaya cikin biyu a rubuce. Ko dai a bar maka gawar a cire kuɗinta daga diyya, ko a ba ka kuɗi a hannu a madadin gyara, ka kai ta inda ka sani, ba tare da an rubuta ta a matsayin kwandam ba. Na biyun ya fi, don tarihin motar bai ɓaci ba. Tayin farko ba dole ba ne a karɓa. Ka nemi kwafin rahoton jami'in kimantawa ka ga da waɗanne motoci ya kwatanta taka. In an kasa daidaitawa a kan adadi, takardun inshora galibi suna da sharaɗin kai magana gaban mai sasanci, sannan NAICOM na karɓar ƙorafi.

In kuwa laifin na direban da ya buge ka ne kuma kai inshorar dole kawai gare ka, wadda ake biya naira 15,000, to ita ba ta gyara motarka, ta wasu take gyarawa. Kamfanin inshorarsa za ka bi, kuma iyakar abin da zai biya a kan dukiya, in motarsa ta gida ce, naira miliyan 3 ne, ragowar sai a wuyan direban. Fara da duba lambar motarsa a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya, domin takardun bogi sun yi yawa, kuma takardar bogi ba ta da kamfanin da za a bi.

Wanda ya karɓo gawarsa zai gyara, ya kiyayi abu biyu. Kada a miƙe ƙafar shasi da wutar gas har ta yi ja, ƙarfen zai rasa ƙarfinsa, ranar wani bugun ya naɗe kamar gwangwani. A ja ta a sanyi kan benci ana aunawa. Kada kuma a yarda da yanko gaban wata mota a jona da walda a tsakiyar ginshiƙi. Banda haɗarin rabuwa biyu, in ɓangaren da ke ɗauke da lambar shasi ya tafi, takardar kwastan da lasisi sun daina dacewa da motar, kuma za ka sha bayani a kowane shinge. A ɗauki hoton kowane mataki tun daga kwancewa har fenti, a ajiye rasitai, a sa injiniya ya duba ya rubuta. Kamfanin da za ka je wa daga baya zai tambayi tarihin motar, kuma in ka ɓoye cewa ta taɓa yin haɗari, yana da hurumin ƙin biyanka ranar da ka zo neman diyya.