Kafin ka kira shi arne

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ranar Asabar na shiga motar haya daga Kawo zuwa Zariya. Ko Maraban Jos ba mu kai ba wani bawan Allah da ke gidan gaba ya buɗe baki a kan Kiristoci: wai ba su san Allah ba, alloli uku suke bauta wa, duk mashaya ne, kuma babu Bahaushe a cikinsu sai wanda aka saya da kuɗi. Wasu na gyaɗa kai. Ni na yi shiru, kuma shirun nan har yanzu yana ci mini rai. A gefena akwai wata dattijuwa lulluɓe da mayafi, wadda tun daga tasha take lallashin jaririn wata fasinja don uwar ta samu ta ci abinci. Da muka iso Ɗan Magaji sai ta ce, da Hausarta ta Zazzau tsantsa: "Ɗana, sauke ni nan. Wusasa zan kwana, gobe akwai sujada." Ta waiga ta ce wa mai maganar, "Malam, Allah ya kai ku lafiya." Mota ta yi tsit har Kwangila.

Tsohuwar nan ba baƙuwa ba ce. Likita Miller, Bature ɗan mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, a 1929 aka mayar da mishan Wusasa, inda aka gina coci da jar ƙasa irin ginin Hausa. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, kuma "Allah" da "Ubangiji" ne a cikinsa, kalmomin da muke faɗa kullum. Dakta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yake cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, Kirista ne. Haka Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Wa ya saye su?

Sai kalmar arne. A Hausa arne shi ne mai bautar gunki da tsafi. Alƙur'ani kuwa Nasara ya kira su, ya kira su Ahlul Kitabi. A Suratul Ma'ida aya ta 5 Allah ya halatta mana abincinsu, ya halatta auren kamilallun matansu. Ka tsaya ka auna wannan. Mutumin da shari'a ta yarda ya zama surukinka, kakan 'ya'yanka, wanda za ka durƙusa ka gaida, shi ne kake jifa da sunan da Ubangijinka bai ba shi ba.

Kada wani ya ce ina haɗa addini biyu a tukunya ɗaya. Mun saɓa da su, saɓani babba. Mu ba mu yarda da Triniti ba, ba mu yarda an gicciye Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba, kuma Suratul Ikhlas ta gama mana magana. Amma in ka tambayi Kirista alloli nawa yake bauta wa, ɗaya zai ce maka, ya buɗe maka Markus sura 12 aya 29 inda Yesu ya ce Ubangiji Allah ɗaya ne. Yana nufin Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. In ya ce "Ɗan Allah" ba ya nufin Allah ya yi aure. Shi ma ya yi imani Maryamu budurwa ce ta haifi Almasihu. Kana da damar ka ce ba ka karɓi bayanin ba, ni ma ban karɓa ba. Abin da ba ka da dama shi ne ka sa masa magana a baki, ka ƙaryata maganar da kai ka ƙirƙira, sannan ka tura ta WhatsApp da sunan da'awa. Ƙarya ƙarya ce ko a kan wa aka yi ta, kuma aya ta 8 a Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta raba mu da adalci.

Batun giya kuwa, akwai mashaya a cikinsu, akwai a cikinmu, akwai kuma Kiristocin da ba su taɓa kai ta baki ba, masu azumin kwana 40 kafin Ista.

Ku tuna Habasha. A shekara ta 5 da annabci, da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ƙasar Kirista Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya tura sahabbai, ya shaide sarkinta da cewa ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ƙasar ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, don haka mai cewa addinin Turawan mulkin mallaka ne ya sake lissafi. A fadar Najjashi, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam har sarki ya yi kuka gemunsa ya jiƙe. Da Amru ɗan Asi ya nemi haɗa su da sarki a kan matsayin Annabi Isa, Ja'afar bai ɓoye aƙidarsa ba, bai kuma zagi tasu ba. Ya ce bawan Allah ne, manzonsa ne, ruhinsa ne, kalmarsa ce da ya jefa ga Maryam. Sarki ya ba su aminci, ya mayar wa Ƙuraishawa kyaututtukan da suka kawo masa.

A watan Yunin 2018, da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, tsoho mai shekara 80 da ɗoriya, ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, mata a gidansa, maza a masallaci. Ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan, ya ƙi buɗewa. Da aka tambaye shi dalili daga baya, cikin abin da ya ambata har da filin da masallacin yake kai: Kiristocin garin ne suka ba Musulmi shi kyauta, shekara 40 da wani abu kafin ranar.