Ba Kowace Hayaniyar Rediyo Ce Ɓarna Ba

Da yawa daga masu gyaran waya a Nima da Circle, a birnin Accra, suna ɗauka cewa duk na'urar da ke watsa hayaniya a zangon rediyo ɓarna kawai take yi. Gaskiya ne ba a taɓa zangon a Ghana sai da izinin NCA, hukumar kula da harkokin sadarwa ta ƙasar, amma masana sun daɗe da mayar da hayaniyar garkuwa. Tun 1975 masanin sadarwa Aaron Wyner ya nuna cewa saƙo yana iya zama sirri matuƙar layin mai satar sauraro ya fi na mai karɓa rauni. Saboda haka tashar da ke aika saƙo ɗaya ga rukunin wayoyi tana iya hayar wata na'ura ta karkata hayaniya wajen mai satar sauraron don layinsa ya raunana, kuma tunda batirinta take ƙonawa, dole a biya ta.

A nan lissafin ciniki na masanin tattalin arziki Stackelberg, na 1934, yake shigowa: mai na'ura ya fara yanka farashi, sannan tasha ta yanke yawan ƙarfin hayaniyar da za ta saya. Wahalar, a ganina, tana cikin rukunin, domin wayar da ta fi raunin sigina ita ke ƙayyade saurin saƙon, kuma wannan wayar ce hayaniya ke fara kurmantawa idan ta yi yawa.