Barkono Ba Ordonans Ba Ne

Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp ya ishe ni haka. Wai masana sun tabbatar barkono na "toshe" ciwon suga da ciwon daji, don haka a dama garin tonka a ruwan ɗumi a kurɓa da safe kafin a karya. A fadojin Yamai an riga an yanke hukunci tsakanin shayi na farko da na biyu. Saura kaɗan mu ga an ɗura jan garin cikin kwanso ana tallarsa a kasuwar Katako.

Abin haushin shi ne akwai ɗan ƙwayar gaskiya a ciki. Sinadarin da ke ba barkono zafinsa, kapsaisin, masana sun daɗe suna gwada shi a kan enzim, wato sinadaran da ke tafiyar da ayyukan jiki. Alfa-amilaz da ke cikin yawu da hanji, alal misali, ita ke fara mayar da tuwo suga. Magunguna da dama aikinsu ke nan, su taka wa wata enzim birki: aspirin haka yake yi, akarboz na masu ciwon suga ma haka. An gwada kapsaisin a kan enzim irin su alfa-glukozidaz, da karbonik anhidraz, da asetilkolinesteraz wadda ake nema a rage wa ƙarfi a cutar mantuwa ta tsufa, kuma an ga yana rage musu aiki.

To, a ina aka gani? A cikin kwalbar gwaji, wani lokaci ma a allon kwamfuta. Mai saƙon ya haɗiye wannan. Yawan da ake zubawa a kwalba sau da yawa ya zarce abin da zai kai jinin mutum daga kwanon miya, ga hanta tana farfasa shi da sauri. Ko narkewa a ruwa ba ya yi sosai. Duk wanda yajin kilishi ya taɓa kama wa harshe ya san randa guda ba ta kashe wutar, sai nono. Shi ya sa masu ilimin haɗa sinadarai ke yanke wani sashe nasa su liƙa wani, su rage zafin, su ƙara masa riƙo a kan enzim ɗin da suke hari. Abin da ke fitowa a ƙarshe ba barkono ba ne kuma. Kaptopril, maganin hawan jini da aka amince da shi a 1981, daga binciken dafin wani macijin Brazil aka samo shi, kuma ban ji mai tansiyo ya tafi daji neman kububuwa ta sare shi ba.

Ko bayan duk wannan wahala, cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a kan mutane, wajen tara ba sa kaiwa farmasi.

Inda kapsaisin ya zama magani na haƙiƙa shi ne ciwon jijiya, kuma ta wata hanya daban da ta enzim. A 1997 wani masanin Amurka, David Julius, ya gano mashigar da ke sa jijiya ta ji zafinsa, TRPV1, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Filastar Qutenza mai kapsaisin kashi 8 cikin 100 ta samu izini a Turai da Amurka a 2009, kuma a 2020 Amurka ta yarda a yi amfani da ita a zugin ƙafa na masu ciwon suga. Ma'aikacin lafiya ne ke manna ta, da safar hannu, na rabin awa zuwa awa guda. Zugi take ragewa. Ba ta sauke suga ko da ɗigo.

Masu cewa kakanninmu sun ci yaji sun yi tsawon rai, su faɗa mana wa ya auna sugansu. 'Yan bokon da ke kiran duk wani tsiro camfi kuma su tuna artemisinin na zazzaɓin cizon sauro daga dangin tazargade ya fito.

Amma wanda ya naɗi saƙon nan ba shi da uzuri. Tsohuwar da za ta ajiye metformin, maganin suganta, saboda muryarsa, ranar da gyambon ƙafa ya ƙi warkewa har aka kai ga yanka, ba shi zai biya kuɗin aiki ba. Mai gyambon ciki da mai basir da za su sha ruwan tonka a kan yunwa, su ma ba zai ji kukansu ba. Denmark ta taɓa janye wata taliyar Koriya daga shaguna a 2024 saboda yawan kapsaisin. Mu kuwa cokali ake ce mana mu cika.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ke noman abin. Tattasan Diffa na bakin Komadugu, duk da bai kai tonka zafi ba, buhu-buhu yake tsallakawa Najeriya, barkono kuma ba lambun da babu shi. Jami'ar Abdou Moumouni na da sashen ilimin sinadarai da tsangayar lafiya. A ba ɗalibanta kayan aiki su auna kapsaisin da ke cikin irinmu, a ba LANSPEX, ɗakin gwajin lafiya na ƙasa, ƙarfin bin abin da ake ɗurawa a kwanso. Wanda kuma ya ce masana sun tabbatar, a tambaye shi wane masani, a wace ƙasa, a kan mutum nawa, kafin a tura wa Hajiya.