Sabunta manhaja bai kamata ya cinye littafin bashi ba

Mai kago da ke tara kayan mutane a Jidda ya aika Kano, da mai kanti a Bab Sharif da ke ba da jallabiya da turare bashi, da uwar adashi a Shara Mansur, da jagoran alhazai da ke ƙirga mutanensa a Mina, da yawansu sun fara ajiye littafin takarda sun koma waya. Sau tari kuma ba wani babban kamfani ne ya haɗa musu manhajar ba, yaron gida ne da ya koyi aikin aka biya shi ya yi. Abin a yaba ne. Sai dai akwai layi biyu na kod, wato rubutun umarnin da ake haɗa manhaja da shi, da ke yawo cikin irin waɗannan manhajoji, na farko ya rushe tebur, wato jadawalin da manhaja ke jera bayanai a ciki, na biyu ya sake gina shi babu komai a ciki, kuma a ganina duk wanda ya bar su a manhajar da ke riƙe da kuɗin mutane ya ci amana, ko da bai sani ba.

Abin da mutum ya shigar a manhaja yana zaune ne a fayil guda cikin wayarsa, galibi fayil ɗin SQLite, rumbun bayanan da D. Richard Hipp ya fito da shi a 2000, wanda Android da iPhone duka ke ɗauke da shi. Cikin baiti 100 na farkon fayil ɗin akwai wuri na baiti 4 da ake ajiye lamba guda, user_version, mai nuna sigar tsarin teburorin da ke cikin fayil ɗin. A Android, SQLiteOpenHelper, kod ɗin da ke buɗe wa manhaja wannan fayil, ba ya taɓa komai sai an kira getWritableDatabase ko getReadableDatabase, sannan ya buɗe fayil ya gwada lambar da ke ciki da wadda mai manhaja ya rubuta a kod. In ya tarar da sifili, fayil sabo ne, sai ya kira onCreate a gina teburori. In ta fayil ta gaza ta kod, ya kira onUpgrade ya miƙa masa lambobin biyu. In ta fayil ce ta fi girma, ya kira onDowngrade, wanda in ba a sake rubuta shi ba kuskure kawai yake jefawa manhaja ta faɗi. Masu haɗa manhaja da Flutter, waɗanda ke buɗe SQLite ta sqflite, tsarin ɗaya ne har sunayen. Lambar nan kuwa daban take da versionCode, lambar sigar manhajar kanta a Play Store: ana iya sabunta manhaja sau 20 ba a taɓa ta ba, amma da zarar an ƙara gurbi ko guda a tebur, wato sabon sashe kamar na farashi ko lambar waya, dole ta hau.

Layukan nan biyu suna da asali. Misalin da ke cikin koyarwar Android ta Google kanta yana rushe tebur a onUpgrade, amma an rubuta a samansa cewa rumbun na ajiyar wucin gadi ne, kwafin abin da ke intanet, shi ya sa zubar da shi ba hasara ba ce. Masu kwafa suka ɗauki kod ɗin suka bar bayanin. A Room, kayan aikin sauƙaƙa amfani da SQLite wanda Google ya fitar a 2017, abin ya ma fi sauƙi: kira guda ne, fallbackToDestructiveMigration. Mai haɗa manhaja ya ɗaga lamba, Room ya ƙi buɗewa don ba a ba shi hanyar ƙaura ba, wato yadda za a kwashe bayanai daga tsohon tsari zuwa sabo, ya duba intanet ya samu wannan kiran, ya liƙa, kuskure ya ɓace. A wayarsa komai lafiya, tunda sunayen gwaji uku ne a ciki. A wayar mai kanti kuwa bashin shekara biyu ne.

Masu kare wannan hanya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa komai yana kan sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet, in an share sai a sake saukewa. Ga jadawalin sallah ko rubutun addu'o'in ɗawafi, haka ne. Amma manhajar da aka yi don ta yi aiki babu intanet tana da layin jira na abin da aka shigar ba a kai ga aikawa ba, kuma wannan layin babu shi a kowace sabar a duniya. Jagoran da ya yi wa mutanensa alama ɗaya bayan ɗaya suna hawa mota zuwa Arfa, a wurin da cunkoso ke sa layi ya yi nauyi, aikinsa na wannan yinin a layin jiran yake. Abin da ya dace shi ne fayil biyu: ɗaya na abin da mai manhaja ya kawo, a maye shi da sabo duk lokacin da aka ga dama, ɗaya na abin da mai waya ya rubuta da hannunsa, wanda ba a rushewa har abada. Wanda ya haɗa rubutun addu'o'i da alamomin da mai karatu ya sa a fayil guda, ranar da zai gyara wasali ɗaya zai tafi da alamomin.

To, a ce an yarda ba za a rushe ba. Kuskure na gaba shi ne rubuta onUpgrade kamar kowa daga siga ta jiya yake tahowa. Ba haka mutane ke sabuntawa ba. Wani ya kashe sabuntawa ta kai tsaye don tattalin data, wani a WhatsApp aka turo masa manhajar, wani kuma alhaji ne da bai sake buɗe ta ba tun bara. Waya tana kan siga ta 2, manhaja ta kai ta 5, Android zai kira onUpgrade sau ɗaya tak da 2 da 5. In an rubuta "idan tsohuwar lamba 4 ce, ƙara gurbi kaza", wannan wayar ba abin da za a yi mata, amma za a buga mata lamba 5. Daga nan ta shiga uku, domin fayil ɗin yana cewa ya kai alhali tsarinsa na 2 ne, kuma ba za a sake kiran onUpgrade ba sai siga ta gaba. Rubutun da ya dace tsani ne: in tsohuwar lamba ta gaza 3 a yi matakin 3, in ta gaza 4 a yi na 4, in ta gaza 5 a yi na 5, a jere, ba fita a tsakani. Matakin da aka riga aka saki ba a gyara shi, ba a goge shi, kuma umarninsa na SQL a rubuta shi a sarari da sunayen wancan lokacin, kada ya dogara da sunan da ke wani wuri a kod wanda za a iya canzawa gobe. Ko tsofaffin wayoyi sun ƙare, ajiyar kai tsaye da Android ke yi a Google Drive tun Android 6, mai iyakar megabait 25, tana iya dawo da tsohon fayil cikin sabuwar waya.

Inda aka fi raina aikin nan shi ne ma'anar tsofaffin bayanai, kuma Saudiyya ta ba mu misali a hannu. Harajin VAT ya fara da kashi 5 cikin 100 a ranar 1 ga Janairu 2018, ya koma kashi 15 a ranar 1 ga Yuli 2020. Manhajar da ke ajiye farashi kawai tana lissafa haraji da adadi guda da aka kafe a kod, ranar da aka canza adadin duk rasitan baya sun canza da shi. Gyaran shi ne a ƙara gurbin adadin haraji a kowane rasit. SQLite ba ya yarda a ƙara gurbin da ba a barinsa fanko sai an ba shi ƙimar farko da za ta cike duk tsofaffin layuka, sai mai gaggawa ya ba shi 15 ya wuce, rasitan 2019 duka su koma ƙarya. Matakin ƙaura na gaskiya umarni biyu ne: a ƙara gurbin, sannan a bi kwanan wata a sa 5 ga duk abin da ke tsakanin Janairun 2018 da ƙarshen Yunin 2020, sifili ga na kafin nan.

Haka kuɗi. Riyal halala 100 ne, kuma ajiye shi a gurbin REAL, na lambobi masu ɗigo, yana kawo ɗigon kuskure da ke taruwa. Komawa ƙirgen halala a gurbin INTEGER, na cikakkun lambobi, daidai ne, amma a lura: 19.99 sau 100 a lissafin kwamfuta 1998.9999999999998 ne, CAST kuma, umarnin da ke mayar da shi cikakkiyar lamba, yanke wutsiya yake, ya ba da 1998. Sai an sa ROUND, mai kai lamba ga cikakkiyar da ta fi kusa, kafin CAST, in ba haka ba halala ɗaya ta zube a layi bayan layi, jimillar wata ta ƙi haɗuwa, a fara zargin yaron kanti. Lambar waya ma: ta Saudiyya lamba 10 ce mai farawa da 05, in aka sa ta a gurbin INTEGER sifilin gaba ya tafi. Ana iya mayar da shi lokacin ƙaura zuwa TEXT, amma littafin mai kago cike yake da lambobin Najeriya da Nijar, don haka sai an duba tsawon kowace lamba da farkonta kafin a liƙa mata sifili.

Canza nau'in gurbi irin wannan SQLite ba shi da umarnin yinsa kai tsaye. Ko sauya sunan gurbi sai a siga ta 3.25 ya samu, a 2018, cire gurbi kuma a 3.35, a 2021. Kuma manhaja da SQLite ɗin da ke cikin wayar take aiki, ba na kwamfutar mai haɗawa ba: sauya suna sai Android 11 zuwa sama, cirewa sai Android 14. Umarnin da ya wuce sumul a sabuwar wayar mai haɗa manhaja zai kayar da ita a tsohuwar wayar da wata Hajiya ta zo da ita daga gida. Hanyar da ke aiki ko'ina ita ce a gina sabon tebur da wani suna, a kwashe layuka a zuba, a rushe tsohon, a ba sabon sunansa, a sake gina fihirisa mai saurin bincike da duk abin da ke rataye da tsohon.

A nan ne ramin da ya fi kowanne zurfi yake. A ce teburin basussuka yana ɗaure da teburin abokan ciniki da ON DELETE CASCADE, wato in aka goge mutum bashinsa ya bi shi. In an kunna dokar da ke aiwatar da wannan ɗaurin a onConfigure, wanda ake kira kafin onUpgrade, to rushe tsohon teburin abokan ciniki zai fara da goge layukansa a ɓoye, basussukan duka su bi su. Ba kuskuren da zai fito, ƙaura ta kammala lafiya, sunaye suna nan, kowa bashinsa sifili. Kashe dokar daga cikin onUpgrade kuma ba ya aiki, domin onUpgrade cikin ƙulli guda yake gudana, wato tarin umarni da ko duka su tabbata ko duka a soke su, PRAGMA foreign_keys kuwa, umarnin kunnawa da kashe dokar, ba ya jin magana a cikin ƙulli. Mafita ita ce a kunna dokar a onOpen, bayan an gama ƙaura, kamar yadda Room ke yi, a kuma gudanar da foreign_key_check, mai duba ko wani ɗauri ya tsinke, a ƙarshen matakin.

Ƙullin nan rahama ne: in wani umarni ya faɗi, komai ya koma yadda yake, lamba ba ta hau ba. Shi ya sa kama kuskure a cikin onUpgrade a haɗiye shi shiru ya fi barinsa muni, don zai bar rabin aiki da sabuwar lamba. Amma faɗuwar ma tana da nata haɗari, wanda ba daga kod yake ba. Manhaja ta ƙi buɗewa, mai ita ya kai wa mai gyaran waya, shawarar farko ita ce a share bayananta ko a cire ta a sake sakawa, kuma duka biyun suna tafiya da fayil ɗin da yake nan lafiya lau. Don haka a kama kuskuren daga waje, a nuna saƙo da Hausa da Larabci cewa bayanai suna nan, kada a cire manhajar. Tun Android 10 akwai hasFragileUserData, wanda ke sa waya ta tambayi mutum ko a bar masa bayanansa in zai cire.

Sauran a taƙaice. Kwashe tebur yana bukatar wuri kusan ninkin girmansa, wayar da ta cika da hotunan Harami kuwa ba ta da shi, sai a duba kafin a fara. Kada a buɗe rumbu a kan babban zaren manhaja, wato wanda ke amsa taɓa allo, daƙiƙa 5 ba amsa Android zai ce ta maƙale. A ɗauki kwafin fayil kafin buɗewa, tare da 'yan rakiyarsa masu ƙarewa da -wal da -shm in suna nan. In siga ta fito da matsala, kada a koma tsohon kod mai ƙaramar lamba, wayoyin da suka riga suka hau 5 za su faɗa onDowngrade. A gyara a fitar da 6. Dakatar da sakin manhaja a Play ba ya sauko da wanda ya riga ya hau, don haka a fara da kaso kaɗan. Ƙaurar tsari a goman ƙarshe na Ramadan ko tsakanin 8 da 13 ga Zulhajji kuwa, ban ga uzurin da zai halatta ta ba.

Akwai kuma bambancin da ke shigowa a hankali tsakanin wanda ya saka manhaja yau, onCreate ya gina masa tsarin ƙarshe, da wanda ya hau tsani daga siga ta 1. Fihirisa ta samu a nan ta ɓace a can, ƙimar farko ta saɓa. Ko dai onCreate ya gina tsarin farko ya kira tsanin da kansa, hanya ta zama ɗaya, ko a riƙa gwada sqlite_master, teburin da ke riƙe da bayanin tsarin fayil, na fayilolin biyu kafin kowane saki. Room yana yin wannan binciken da kansa, yana da MigrationTestHelper na gwada ƙaura, tun siga ta 2.4 kuma yana rubuta sauƙaƙan matakai da kansa muddin an adana fayilolin tsari da yake fitarwa. Amma bai san cewa haraji ya canza a Yulin 2020 ba, wannan sai mutum.

Mai kanti ko mai kago da ke biyan kuɗin manhaja ba sai ya iya karanta kod ba kafin ya kare kansa. Ya nemi a ajiye masa kowace siga da aka taɓa saki. Duk ranar da aka kawo sabuwa, a ɗauko wata waya, tsohuwa ta fi, a saka siga ta farko, a shigar da mutum 10 da bashinsu har da halala, da lambar Saudiyya da ta gida, a kashe intanet, a ƙara wasu, sannan a ɗora sabuwar a kai ba tare da cire tsohuwar ba. A ƙirga mutanen, a haɗa jimilla, a duba sifilin gaban lambobi. A maimaita daga sigar da ke wayarsa yanzu. In duka sun fito daidai, sannan ya biya cikon kuɗin aikin ya bari a taɓa wayar kanti.